Mai Ɗaki da Yoyon da Bai Sani Ba

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne in ana batun ɗakin laka ko na kwano, domin wanda ya yi damina a ciki shi ya san inda ake tara ƙwarya. Amma akwai ɗaki guda da wannan karin magana ba ta cika a kansa ba, wato ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Mutum yana tare da ita dare da rana, yana ganin babu wanda ya kai shi sanin abin da ke cikinta, alhali in ka tambaye shi abin da zai iya tunawa nan da mako guda ko nan da shekara, sau da yawa amsarsa takan yi nisa da abin da zai faru. Tazarar takan fi faɗi idan tsakanin yau da ranar tambayar zai koyi wani sabon abu mai kama da na farko. Wannan batu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mu mazauna zango haka rayuwarmu take, karatu a kan karatu, harshe a kan harshe.

Bari mu fara da abin da kowa a Gana ya shaida. A watan Yuli na 2007 aka sauya kuɗin ƙasar, aka cire sifiri huɗu, tsohuwar sidi dubu goma ta koma sabuwar sidi ɗaya. Lissafi ne mai sauƙi, babu ɗan kasuwar da ya yi zaton zai ba shi wahala. Amma har yau in ka shiga Kejetia za ka ji wata dattijuwa ta ce miliyan ɗaya, alhali sidi ɗari take nufi. Tsohon sani ya tsaya a ƙofa ya hana sabo zama. Manyanmu kuma suna ba da labarin ranar 4 ga Agusta 1974, lokacin da aka mayar da tuƙi daga hannun hagu zuwa na dama, yadda direban da ya shekara ashirin a kan hanya sai da ya riƙa lura da kansa kamar ɗan koyo. To, yau ka ɗauki wannan direban ka kai shi ƙasar da ake tuƙi a hagu, sai ka ga abin da ya iya tun yana saurayi ya zame masa baƙo. A nan sabon ne ya danne tsohon. Tarnaƙin ke nan iri biyu: wani lokaci na baya ne ke tare na gaba, wani lokaci na gaba ne ke binne na baya.

Masana halayyar ɗan Adam sun fi shekara ɗari suna bin diddigin wannan al'amari. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage bayan mintuna, da sa'o'i, da kwanaki, ya ga mantuwa tana zuwa da gudu a farko, sannan ta sassauta. A 1900 wasu 'yan ƙasarsa biyu, Müller da Pilzecker, suka nuna cewa wanda aka ɗora wa wani aikin ƙwaƙwalwa dab da gama haddarsa yakan tuna ƙasa da wanda aka bari ya huta. A 1924 kuma, a Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach suka sa ɗalibai biyu haddace jerin gaɓoɓi goma, wani lokaci su kwanta barci, wani lokaci su shiga harkokinsu. Bayan sa'a takwas na barci sun tuna fiye da rabi, bayan sa'a takwas na zirga-zirga kuwa abin da ya rage bai wuce ɗaya ba. Masana na baya sun ƙara da cewa shi kansa barcin yana taimakawa wajen kafe abin da aka koya, amma darasin farko bai gushe ba: abin da ya shigo a tsakani yana da hannu a cikin abin da ya fita.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda Baddeley da Hitch suka yi a 1977 da 'yan wasan ƙwallon zari-ruga. Sun tambaye su sunayen ƙungiyoyin da suka kara da su a kakar wasa. Da yake wasu sun rasa wasanni saboda rauni ko wani uzuri, sai aka sami damar raba abu biyu da suka saba tafiya tare, wato tsawon lokacin da ya wuce da yawan wasannin da aka buga a tsakani. Sai aka ga yawan wasannin ya fi kwanakin tasiri. Mu kan ce yau da gobe ba ta bar komai ba, muna ɗora wa kwanaki laifin duka, ashe kayan da kwanakin suke zuwa da su sun fi su ɓarna.

Duk wannan bayani ne a kan mantuwa. Tambayar da ta fi damuna ita ce ta biyu: shin mai mantuwar yana hango ta? A 2004 Asher Koriat na Jami'ar Haifa, tare da Robert Bjork da wasu abokan aiki, suka ba mutane kalmomi bibbiyu su haddace. Aka ce wa wasu za a gwada su nan take, wasu bayan kwana ɗaya, wasu bayan mako, aka kuma nemi kowa ya ƙiyasta yawan abin da zai tuna. Ƙiyasin rukunan uku ya zo kusan ɗaya, kamar mako da minti duk abu guda ne, alhali da aka zo gwajin, na mako sun faɗi ƙasa warwas. Waɗannan mutane ba jahilai ba ne, kowannensu ya san ana mantuwa. Amma lokacin da yake auna kansa bai waiwayi wannan sanin ba, sai ya duba yadda kalmomin suke zuwa masa a saukake a wannan lokacin, ya ɗauka haka za su ci gaba da zuwa. In mutum ya kasa sa kwana bakwai a lissafinsa, alhali an faɗa masa adadinsu, yaya zai sa darussan da bai ma fara ba?

Tushen ruɗin ke nan. Abin da ke kan harshe yanzu yana da ɗumi, ɗumin kuwa shi muke ɗauka a matsayin ƙarfi. Yaro ya zauna da allonsa tun hantsi yana maimaita aya biyar, har bakinsa ya riga tunaninsa. Ka tambaye shi ko ya iya, zai ce ya iya, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai abin da ya auna shi ne iyawarsa ta wannan hantsin, da allon a gabansa, da sautin bai bar kunnensa ba, kuma babu wani darasi da ya zo yana gasa da wannan. Ranar da za a bukaci ayoyin, babu ko ɗaya daga cikin abubuwan nan uku da zai kasance tare da shi.

Na yi makarantar allo a zangonmu na Kumasi, wurin wani dattijo da bai taɓa jin sunan Ebbinghaus ba, Allah Ya jiƙansa. Wata ɗabi'arsa da muke ganin tsanani ce a lokacin ita ce ba ya karɓar shaidar ɗalibi a kan kansa. In ka ce, "Malam, na iya," sai ya ce, "To, madalla, kife allon." In ka kawo, sai ya ce ka koma ka zauna, sai bayan la'asar ya sake kiran ka. Ba ya barin a wanke allo don karatun safe ya yi kyau. Abin da ya fi ba mu haushi kuma, ranar da aka ƙara maka sabon darasi, ranar ce zai ja ka baya, ya ɗauko maka farkon wata aya daga izun da ka wuce tun watanni, ya ce ci gaba. Ya kan ce sabon karatu baƙo ne mai faɗi, in ba ka tsaya ba sai ya kori masu gida.

Da na girma na ci karo da binciken Nelson da Dunlosky na 1991, sai na ga hoton wannan dattijo. Sun gano cewa idan aka jinkirta tambayar "za ka tuna?" ko da na 'yan mintuna ne, aka kuma nuna wa mutum farkon abin kawai ba tare da amsar ba, ƙiyasinsa yakan yi daidai ƙwarai fiye da wanda aka tambaya nan take. Dalili kuwa a fili yake, domin a wannan hali dole ya lalubo amsar da kansa, lalubowar kuwa ita ce ma'aunin gaskiya. A 2006 Roediger da Karpicke suka ƙara wani tubali. Ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta wani rubutu sun fi kowa yarda da kansu, amma bayan mako sun tuna kashi 40 cikin ɗari. Waɗanda suka karanta sau ɗaya, sannan aka yi ta gwada su ba tare da takarda ba, ba su da wannan yarda da kai, amma sun tuna kashi 61. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin kansa yana ƙara wa na ƙwaran ƙwari. Kife allo da jan baki daga tsohon izu ba mugunta ba ce ashe.

Mahaddata sun fi kowa sanin cewa haɗarin yana wurin kama. Ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta zo a Baƙara, da A'arafi, da Ɗaha, da Shu'ara'i, da Ƙasasi, da lafuzza masu kusanci. A ƙidayar Hafsu, aya ta 58 ta Baƙara da aya ta 161 ta A'arafi suna ɗauke da umarni biyu iri ɗaya ga Banu Isra'ila, amma wanda ya gabata a ta farko shi ya jinkirta a ta biyu. Yaron da ya haddace Baƙara kaɗai zai wuce wurin nan ba ko tuntuɓe, zai kuma rantse ba zai taɓa rikicewa a nan ba. Ranar da ya kai A'arafi, sai ayar da ya daɗe da mallaka ta fara rawa a bakinsa, ba don ya yi sakaci da ita ba, sai don ta sami 'yar'uwa. Saboda haka ne malamai suka keɓe fanni guda ga ayoyi masu kama da juna, har Alamuddin as-Sakhawi, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, ya tsara su a waƙe domin mahaddata. Haka kuma iyayenmu da suka tashi da ruwayar Warshu, sannan mus'hafan Hafsu suka cika masallatai, sun san yadda ruwaya ɗaya take kutsowa cikin ɗaya a tsakiyar salla. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kwatanta ma'abucin Alƙur'ani da mai ɗaurarrun raƙuma, in ya kula da su su zauna, in ya sake su su tafi, gargaɗi ne ga wanda ya riga ya mallaka.

A gidanmu akwai yara da yawa, 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta, kuma nakan saurari tilawarsu da daddare. Nakan tambayi kowanne, kafin a ƙara masa, wace sura ce yake ganin ba za ta taɓa kuɓuce masa ba. Kusan kullum wadda ya gama jiya yake ambata. Bayan sati biyu, da an ɗora masa biyu ko uku a kanta, sai ka ji ya shiga ta ƙofar wannan sura ya fita ta ƙofar waccan, ya tsaya yana kallona da mamaki kamar an yi masa sata. Wadda yake tsoro kuwa, wadda ya sha wuya a kanta har ya riƙa komawa, ita ce ke tsayawa. Mamakin nan da ke fuskarsa shi ne abin lura. Bai ji lokacin da abin yake zamewa ba, domin mantuwa ba ta da zafi, ba ta kuma sallama.

To, in haka abin yake ga sura, yaya harshe? Nan ne zancen ya zo gida. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ta hanyar fataucin goro, suka yi zango a Salaga, da Karaci, da Kumasi, da Akra. A cikinsu akwai irin su Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami. Harshensu ya yi ƙarfin da har ya ba maƙwabta kalmomi: waakye da ake layi a kansa kowace safiya daga wake ya samo suna, haka ƙosai da tuwon zafi suka shiga bakin kowa. Wannan tarihi yana sa mu sakankancewa. Sau nawa na ji uba yana cewa, "Ai Hausa a jininsa take, bari ya koyi Turanci da Tonanci, ita ba inda za ta." Uban yana auna yaron ne a ranar da yake wasa a tsakar gida, kakarsa tana kusa, Hausa tana zuba daga bakinsa. Bai sa a lissafi ba cewa yaron zai yi shekara uku a makarantar kwana, inda darasi da Turanci, hira da Tonanci, waya kuma da wani gauraye na daban.

Harshe ba ya cikin jini. A 2003 Christophe Pallier da abokan aikinsa suka gwada mutum takwas da aka haifa a Koriya, iyalan Faransa suka ɗauke su riƙo suna tsakanin shekara uku zuwa takwas. Da suka girma, aka kunna musu jimloli da harshen Koriya a cikin na wasu harsunan da ba su sani ba, suka kasa tantance nasu. Yaro ɗan shekara takwas ya iya faɗa, ya iya roƙo, ya iya tatsuniya da harshen uwarsa, amma duk wannan ya nutse. Halinmu bai kai nasu ba, domin yaranmu suna dawowa hutu, suna jin Hausa a masallaci da kasuwa. Namu yoyon a hankali yake. Da farko karin magana ke tafiya, sai sunayen dangi, a rasa bambancin kawu da baffa, da goggo da inna, kowa ya koma anti da ankul. Sai ƙirga ta koma Turanci. Daga nan yaro ya zama yana ji amma ba ya mayarwa, in an yi masa magana da Hausa ya amsa da wani harshe. In ka tambaye shi ko ya iya Hausa zai ce ƙwarai, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, domin fahimtar abin da aka faɗa maka tana ba da irin ɗumin da kallon allo yake bayarwa. Ranar da aka ce ya tashi ya yi ta'aziyya a madadin gidansu, ranar ce za a kife allon.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina kukan cewa Hausarmu ta zango ta bambanta da ta Kano ba. Yadda da yawanmu ba sa raba "ya" da "ta", ko ƙa da ka, kari ne na harshe da ya yi shekaru a tsakanin wasu harsuna, kuma yana da zaƙinsa. Ba kuma ina cewa a hana yara Turanci ko Tonanci ba, domin da su za su ci abinci, da su za su zauna lafiya da maƙwabta. Ƙwaƙwalwa ba buhu ba ce da za a ce sai an zubar da gero kafin a zuba dawa. Mahaddacin da ya kai A'arafi ba a ce masa ya tsaya don kada Baƙara ta rikice, ana ce masa ya jera ayoyin biyu ya ga inda suka rabu, ya kuma ci gaba da komawa baya. Abin da nake ƙi shi ne sakankancewar da ba a gwada ba.

Akwai kuma abin da ke kwantar da hankali. Ebbinghaus ya lura cewa jerin da ya ɗauka ya ɓace gaba ɗaya, in ya koma kansa yakan haddace shi a ƙasa da lokacin da ya ci masa da farko. Ashe akwai saura a ƙasa, ko da mai shi ba ya jin sa. Wannan ma wata fuska ce ta rashin sanin kai: kamar yadda mai sabon karatu yake kai kansa inda bai kai ba, haka wanda ya daɗe da bari yake yanke ƙauna tun bai gwada ba. Na san magidanta a zangonmu da suka sauke tun suna yara, yau suna kunyar buɗe baki a gaban 'ya'yansu, suna cewa ai duk ya tafi. Waɗanda suka daure suka koma gaban malami, cikin 'yan watanni sai ka ji tsohuwar hanya ta buɗe.

Don haka, 'yan'uwa, shawarata gajeriya ce. Kada mu tambayi yaro ko ya iya, mu kife allon, kuma mu bari sai ɗumin ya huce. Ranar da aka ƙara masa sabo, ranar ce ta neman tsoho. In abu biyu sun yi kama, a jera su gaba da gaba tun kafin su haɗe. In ɗalibi ya dawo hutu, kada a wadatu da cewa yana jin abin da ake faɗa, a aike shi gaisuwa gidan tsofaffi, a sa shi ya ba ƙannensa tatsuniya, ya yi ciniki, ya ƙirga canji da Hausa. Mu manya kuma mu yi wa kanmu haka, kowa ya ɗauki surar da yake ganin ta fi zama a kansa ya karanta wa wani yau da daddare ba tare da mus'hafi ba, ko ya gwada kawo karin magana goma a jere. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya amfanar da mu da abin da muka koya, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu.